Dariyar Mama a Bayan Shago

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aikin asibiti, yaya marasa lafiyarku, yaya maigidanki? Mu nan lafiya lau, sai ciwon bayan nan nawa da ya riga ya zama ɗan gida. Innarki tana gaishe ki. Ta ce man zafin da kika aiko ya ƙare, rabi a bayana, rabi a gwiwoyin maƙwabta.

Maganar mahaifiyarki ce ta sa na ajiye almakashi na ɗauki biro, tunda ita kunnenta ba ya kama waya sosai, ke kuma in na kira ko kina kan aiki ko kina barci. Kin san yadda kika kawo mana Yaya, wato mamarki, bara, bayan hatsarin da ya ɗauke babanki da yayanki rana ɗaya. Ɗakin bayan shago ta shige ta ja labule. Abinci sai an roƙa, majami'a sai an ja ta. To, albishirinki, abubuwa sun canja. Shekaranjiya ina tsakar ɗinka wuyan riga na ji dariya daga baya, na taka keke ba daidai ba har allura ta karye. Na leƙa, ashe Yaya ce, tana share hawaye da bakin zane.

Akwai wani dattijo da yake zuwa wurinta da la'asar, su zauna a baranda da Littafi Mai Tsarki. Tun da ya fara zuwa ta zama wata daban. Tana cin abinci har da neman ƙari. Ta ma daina shan maganin nan, ta ce yanzu ba ta bukatarsa. Mun gode wa Allah.

Rigar da kika ce in ɗinka miki, ki aiko da sabon awo, kada in yanka yadi a kan tsohon.

Kawunki,
Tela

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan bayan ya yi sauƙi. A gaishe mini da Inna. Mu ma lafiya.

Kawu, na karanta takardarka a tsaye a ƙofar ɗakin canja kaya. Wane magani ne Mama ta daina sha? Ka san ba ɗaya take sha ba, kuma a cikinsu akwai na hawan jini. Wannan ba a barinsa don mutum ya ji daɗin jikinsa. A watan jiya aka kawo mana wata mata tsarar Mama, ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace. Da muka bincika, wani mai addu'a ne ya ce mata shan ƙwaya rashin bangaskiya ne, ta zuba su a shara a gaban jama'a ana tafi. Ni nake juya ta a gado kullum. Shi mai addu'ar bai taɓa leƙowa ba.

Wane ne wannan dattijo? Ɗan wace majami'a ne? Fasto ya san shi? Yana sa ta azumi, ko yana shafa mata mai? Ka ce tun da ya fara zuwa, amma ba ka ce yaushe ya fara ba, ko wa ya kawo shi.

Abin da ya fi damuna shi ne Mama ba ta iya karatu ba, kai ma ka sani. Baba ne yake buɗe mata wurin da ake karantawa a sujada, ta riƙe kawai. To duk abin da mutumin nan ya ce yana cikin Littafin, ai sai ta yarda. Sannan dariya? Ni tun da nake ban taɓa ganin an buɗe Maganar Allah an kwashe da dariya ba. Ko dai wani abu yake gaya mata daban, ko kuma kanta ne ya fara taɓuwa, kuma duka biyun ba abin godiya ba ne.

Ka duba kwalin magungunanta yau, ka rubuto mini. Batun awo a bar shi tukuna.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa shiru.

Makonni ke nan ban ji daga gare ka ba. Na kira wayarka, Inna ta ɗauka ta ce kana kasuwar yadi, ta ce Mama lafiyarta ƙalau, tana baranda da baƙonta. Na ce a ba ta wayar, sai na ji muryar namiji yana cewa a bari ta ƙarasa layin nan tukuna. Wane layi? Shi wane ne da zai sa uwata ta jira kafin ta amsa kirana?

Ban so in tsallake ka ba, amma ba ka bar mini wata hanya ba. Na rubuta wa Fasto na gaya masa duk abin da nake tsoro, na roƙe shi ya bincika mutumin. Na kuma nemi hutu. In an ba ni zan zo in ɗauke Mama ta dawo wurina, inda zan ga abin da take sha da idona.

Auta

Zuwa ga Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Lafiyar jiki muna da ita. Ta zuciya kuwa, ki karanta ki gani.

Takardunki biyu tare suka iso hannuna. Ta farko ta yi zamanta a shagon mai sayar da takalma na ƙarshen layi, don mai raba wasiƙu sabo ne, shi kuma mai takalman ya sa ta ƙarƙashin kwali ya manta. Amma wadda kika aika wa Fasto ba ta ɓata hanya ba ko kaɗan.

Maganin barci ne Yaya ta daina sha, 'yar ƙaramar ƙwayar nan da aka ba ta bayan jana'iza. Likita da kansa ya ce ta rage ta a hankali, ta rage har ta bari. Na hawan jini tana sha kowace safiya, Innarki ce take miƙa mata da ruwa. Laifina ne da na ce “maganin nan” kamar kina zaune kusa da ni.

Dattijon kuma mai gyaran keken ɗinki ne. Shekara da shekaru yake gyara mini. A majami'armu yake, benci na baya kusa da taga, matarsa ta rasu tuntuni. Ranar da abin ya fara, ya zo duba keken da yake cin zare, ya tarar na fita, sai ya zauna a baranda yana jirana da Littafinsa mai manyan baƙaƙe. Yana karatu ya tuntsire da dariya. Yaya ta ɗaga labule ta ce masa, “Bawan Allah, ba ka jin tsoro? Littafin Allah kake wa dariya?” Ya ce, “Mama, saurari wannan ki gaya mini in ni kaɗai ne.” Ya karanta mata labarin annabin nan da ya yi fushi don Allah ya yafe wa birni guda, ya je ya zauna a rana yana kumbure-kumbure, aka tsiro masa da inuwa ya ji daɗi, tsutsa ta cinye inuwar, ya ce shi gara ya mutu. Sai Yaya ta ce, “Wannan ai halin maigidana ne sak.” Daga nan dariya ta ƙwace mata. Karon farko ke nan da ta ambaci babanki ba tare da ta shige ɗaki ba.

Washegari ta ce ya nuna mata inda aka rubuta tsutsa. Layin da kika ji ana cewa ta ƙarasa, karatu take koya, 'yata, da yatsa a kan takarda.

Yanzu ga abin da takardarki ta yi. Fasto ya ɗauki dattawa biyu suka je rumfar mutumin nan da rana tsaka, a gaban masu jiran gyara, suka tambaye shi ko shi ne yake hana gwauruwa shan magani. Sun gane ba haka ba ne, sun ba shi haƙuri, amma magana ta riga ta zaga layi. Mai gyaran ya aiko mini cewa in keke ya lalace in kai masa rumfa. Bai sake takowa ba. Yaya ta sake jan labule.

Na san ni ba kawunki na kusa ba ne, kakata da kakar mahaifiyarki ne 'yan ɗaki ɗaya. Amma da kika rasa inda za ki sa ta, ba ki auna nisan ba. Tunda kowa yana faɗin abin da yake zargi, bari in faɗi nawa. Ni tela ne. Macen da ta matsa a ɗinka mata riga sannan ta ƙi aiko da awo, na san abin da ke nan. Lafiyar Yaya ce take sa ki zo ɗaukarta, ko mai raino kike nema?

Kawunki

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa. A gaida Inna da Mama.

Layinka na ƙarshe ya yi mini zafi, sai da na ajiye takardar kwana biyu kafin in iya amsawa. E, ina da ciki. Ban faɗa ba don na baya sun zube, kuma ban so Mama ta sa rai ta sake yin wani makoki. Ba don raino na ce zan ɗauke ta ba. Da ka ga matar da nake juyawa a gado, da ba ka tambaye ni haka ba.

Batun magani na ji, hankalina ya kwanta. Ban ce Fasto ya je da dattawa a gaban mutane ba, bincike na ce. Abin bai yi mini daɗi ba, ga 'yar takarda nan na sa a ciki, ka miƙa wa mai gyaran.

Amma Kawu, ba zan ɓoye maka ba, har yanzu ban gamsu ba. Namiji ba shi da mata, ya rufe rumfarsa kullum da la'asar, ya bar masu jira, ya zo ya zauna da gwauruwa don ya nuna mata inda aka rubuta tsutsa? Kai namiji ne, ka fi ni sanin amsar. Ka tambaye shi abin da yake nufi.

Kuma har yanzu dariyar nan tana tsaya mini a rai. Mu da aka rena mu, aya haddacewa ake yi. Baba ya jera mu kafin mu tafi makaranta, wanda ya yi tuntuɓe a ayarsa ya maimaita har sai ya makara. Har yau ina karanta surata kowace safiya kamar yadda nake cika takardar marasa lafiya, in gama in rufe. Ban taɓa jin daɗi ko rashinsa ba, aiki ne da ya wajaba. Na buɗe labarin annabin da ka ce, na karanta sau biyu ina neman abin dariyar. A karo na biyu na tuna yadda Baba yake zama a ƙofar gida yana ƙin cin abinci in an ɓata masa rai. Na ɗan murmusa, ban ƙi ba. Amma murmushina bai wanke mutumin ba.

Yaya Mama take ci? Ka gaya mini gaskiya.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga 'yata Auta,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ki yafe mini maganar raino, bakina ya riga hankalina. Ni da Innarki muna sa ki a addu'a safe da yamma, kuma ba mu gaya wa kowa ba. Ki rage tsayuwa a wurin aiki in za su bari.

Na kai takardarki rumfa. Ya karanta, ya ninke, ya ce 'yar da ba ta tsorata don uwarta ba ita ce abin tsoro, amma shi ba zai dawo ba, kada a ƙara jawo wa Yaya magana.

Kin ce in gaya miki gaskiya. Cin abinci ya ragu. Amma ba ta ajiye Littafin ba, ina jiyo ta ta bango tana haɗa baƙaƙe ita kaɗai kamar mai tsince tsakuwa a hatsi. Wata rana da hantsi ta fito shago ta dangwara mini shi a kan teburin yanka, a kan yadin mutane, ta ce in karanta mata wani wuri da ta kasa wucewa. Labarin gwauruwar nan ne da aka ɗauko gawar ɗanta tilo, Ubangiji ya tare su a ƙofar gari ya tashe shi ya miƙa mata. Ina gamawa ta ce, “Nata aka tashe. Nawa fa?” Na fara 'yan maganganun nan da ake yi a gidan makoki, ta ce in bari, ta ji su bara har ta ƙoshi. Ta ɗauki Littafin, ta yafa mayafi, ta fita.

Na bi ta a baya da abin awo a wuyana. Auta, matar da sai an ja ta zuwa majami'a, ita ce ta tsallaka babban titi ita kaɗai har rumfar mai gyara. Yana kan kwance wani keke, hannu duk baƙin mai. Ta yi masa tambayar da ta yi mini. Ya ce shi ma bai sani ba, ya yi irinta lokacin rasuwar matarsa, ba a amsa masa ba. Sai ya goge hannu ya buɗe mata Zabura, inda mai waƙar yake ce wa Allah har yaushe zai manta da shi. Yaya ta ce, “Tsaya. Wannan a ciki yake? An bar shi a ciki?” Ya ce yana ciki, kuma ba wuri ɗaya ba. Ta zauna a kan akwatin kayan aikinsa ta ce, “Ashe an yarda mutum ya kai ƙara.” Ta yi kuka sosai, mutane suna wucewa suna kallo, ba ta damu ba. Da ta gama ta ce ya nuna mata kalmar da ta fara layin. Tun ranar karatu ya koma rumfa, a fili, kowa yana gani. Fasto ma ya bi ta wurin ya gaishe su.

Yanzu in zo ga tambayarki. Na yi masa ita, namiji da namiji. Ya sunkuyar da kai yana juya sukurdireba, ya ce da farko karatu ne kawai, Allah ne shaida, amma yanzu ba zai yi mini ƙarya ba. Ya ce yana so ya zo ya gan ni a matsayin ƙanen Yaya. Don haka rabin zarginki ya tabbata, kada ki ce ban faɗa ba. Ni ma yanzu na fara tuna sau nawa ya ce kekena yana bukatar a sake duba shi alhali lafiyarsa ƙalau.

Ban ba shi amsa ba. Na gaya wa Yaya, ta ce ba ruwana, ba ruwanki, ita za ta rubuto miki da hannunta. Ta karɓe mini biro da takarda, ta hana ni leƙawa. Ga ta nan a ciki a liƙe.

Kawunki,
Tela

Auta 'yata,

Ni ce. Da hannuna. Ina gaishe ki. Ina gaida mijinki. Ina shan magani kullum, ki daina tambaya.

Kawunki bai gaya mini kina da ciki ba. Na gani a fuskar Innarki. Kada ki ɓoye mini abu don kada in yi kuka. Na iya kuka, ba ya kashe ni. Ina yi miki addu'a.

Na ji haushinki da kika aika Fasto. Yanzu ya wuce. Na san tsoro ne.

Kin ce me ya sa nake dariya. Auta, shekaru nawa ina riƙe da Littafin nan ban san mutane ne a ciki ba. Na ɗauka doka ce kawai. Akwai wata yarinya da aka ƙwanƙwasa ƙofa, ta gane muryar wanda ake yi wa addu'a ya fito daga kurkuku, murna ta sa ta ruga ciki ba ta buɗe masa ba. Ya yi ta bugawa a waje. Ke ce wannan. Akwai wanda wa'azi ya yi masa tsawo ya yi barci ya faɗo ta taga. Kawunki ne. Akwai masu kuka irina, su ma ba a kore su ba. In na tashi da safe ina ɗokin in ga wa zan tarar.

Mutumin nan ya ce yana so na. Na sani tun kafin ya faɗa, ni ba yarinya ba ce. Na ce masa ya bari mu gama Littafin tukuna. Ya duba kaurin abin da ya rage, ya ce to mu ƙara sauri. Na ce a'a, ni a hankali nake jin daɗinsa. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. In kin zo ki gan shi da idonki, ki yi masa duk tambayoyinki, ya iya amsa.

Ba sai kin zo ɗaukata ba. In lokacinki ya yi ni zan zo da ƙafata, in kin warware in dawo.

Hannuna ya gaji. Na daɗe ina rubuta wannan, na ɓata takardu da yawa. In za ki amsa, ki yi manyan baƙaƙe, kada ki haɗa su irin na likitoci. Ki sa sunana a bayan ambulan, ba na Kawunki ba. Ni zan buɗe.

Mamarki